Na zura maganaɗisu cikin bobin amma ampul bai kama ba: ina matsalar take?

Tambayar ta fito daga wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata kwalej a nan Maradi. Ya naɗa waya zagaye 50 a jikin guntun tiyo, wato ya yi bobin, ya haɗa bakunanta biyu da ampul na tocila, ya yi ta zura sandar maganaɗisu ta makaranta yana zarowa a gaban ɗalibai, ampul ko ƙyaftawa bai yi ba. Da ya cire ampul ya sa mita mai lambobi, sai lambobin su yi tsalle su koma sifiri. Yana son ya san ko maganaɗisun ne ya mutu, ko wayar ce ba ta da kyau, da kuma yadda zai haɗa abin da ɗalibai za su gani da idonsu.

Malam, sannu da ƙoƙari. Lambobin nan da suka yi tsalle suka koma sifiri, su ne wutar da kake nema. Ta zo, sai dai ƴar mitsitsiya ce kuma ba ta jima ba, ampul na tocila kuwa yana bukatar abin da ya ninka ta fiye da sau dubu. Kafin ka kashe ko dala, ɗauki alli mu yi lissafin tare, don lissafin ne zai nuna maka abin da za ka sauya.

Ka ɗauki kowane zagaye na wayar nan a matsayin zobe. Layukan ƙarfin maganaɗisu suna fitowa daga kan arewa, su zagaya ta waje su shiga kan kudu, sannan su bi ta cikin jikin sandar su koma inda suka fito. Yawan layukan da ke ratsa zobe ɗaya a wani lokaci shi ake kira fuluks, ana auna shi da weba, kuma ana samunsa ne in an ninka ƙarfin filin, wato tesla, da faɗin wurin da layukan suka ratsa. Wuta tana tasowa a cikin wayar ne kawai a lokacin da wannan yawan yake ƙaruwa ko yake raguwa. Ka ajiye maganaɗisu mafi ƙarfi a duniya a tsakiyar bobin ka bar shi ya kwana a nan, ba za ka sami komai ba. Wannan ne ya ɗaure wa masana kai shekaru goma sha ɗaya. A 1820 Hans Christian Oersted ya nuna a Denmak cewa kuran da ke bin waya yana juya allurar kamfas, sai mutane suka yi ta ajiye maganaɗisu kusa da waya suna jiran kuran ya fito. Michael Faraday ne ya gano bakin zaren a Landan: ranar 29 ga Agusta 1831 ya naɗa waya biyu a zoben ƙarfe ɗaya, ya ga allurar na'urarsa tana zabura a daidai lokacin da ya haɗa batir da lokacin da ya cire, a tsakani kuwa shiru. Ranar 17 ga Oktoba na shekarar ya yi irin gwajinka, ya zura sandar maganaɗisu cikin bobin. Ka lura, shi ma allura ya gani ta motsa, bai kunna fitila ba. Joseph Henry a Amurka ya gano abin shi kaɗai a kusan lokacin, amma Faraday ya riga shi bugawa.

Dokar gajera ce: bolt ɗin da bobin ke bayarwa daidai yake da yawan zagaye, sau sauyin fuluks, a raba da lokacin da sauyin ya ɗauka. Mu ɗauka kan sandarka yana da faɗin santimita ɗaya tsaye ɗaya kwance, wato 0.0001 na murabba'in mita, ƙarfinta kuma tesla 0.1, abin da ba zai yi nisa da tsohuwar sandar makaranta ba. Fuluks ya zama weba 0.00001. Hannu yana zura ta cikin rubu'in daƙiƙa. Zagaye 50 sau 0.00001, a raba da 0.25, ya ba da bolt 0.002. Milibolt biyu ke nan. Ampul na tocila yana son bolt 2.5 da kuran kusan ampa 0.3, kuma yana son su daɗe har zaren cikinsa ya yi zafi ya yi ja. Ko za ka wuni kana zurawa ba zai kama ba.

Abu huɗu ne a hannunka: yawan zagaye, ƙarfin maganaɗisu, sauri, da abin da kake duba wutar da shi. Na ƙarshen nan ya fi sauƙin gyara, kuma shi aka fi mantawa.

Mita mai lambobi tana karanta wuta sau biyu ko uku ne a daƙiƙa. In ka zura da sauri, wutar ta zo ta wuce a tsakanin karatu biyu, shi ya sa wani lokaci ka ga lamba, wani lokaci ba komai. Juya makunninta zuwa milibolt 200 na kuran mai tafiya gefe ɗaya, irin na batir, sannan ka tura sandar a hankali ba tare da tsayawa ba, kamar daƙiƙa ɗaya cur. Lambar za ta yi ƙasa amma za ta tsaya har a karanta ta. Da ka ja sandar baya, alamar ragi za ta fito a gaban lambar, ko ta ɓace in da tana nan. Wannan alamar ita ce rabin darasin. Kada ka sa mitar a ɓangaren kuran mai kai da komo, domin a ƙananan mitocin da suka cika kasuwa wannan ɓangaren daga bolt 200 yake farawa, an yi shi ne don wutar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar. Abin da ya fi kyau ga aji shi ne mita mai allura a ma'aunin mikro'ampa 50, ko allurar da ke rawa da sauti a tsohuwar rediyo mai kaset, wadda masu gyaran rediyo ba sa rasa ta a tarkacensu. Sai dai irin wannan mitar tana da turjiya ta om dubu biyu ko fiye a cikinta, milibolt biyu kuwa mikro'ampa ɗaya kawai zai tura, da ƙyar ido zai kama. Da zagaye 500 motsin allurar ya ninka sau goma, na bayan aji ma zai gani.

In haske kake so, to a bar ampul mai zare a koma ga ɗan kwan LED ja, wanda ke kamawa da bolt 1.8 zuwa 2 kuma ƴan mili'ampa sun ishe shi. Fari da shuɗi suna son kusan bolt 3, ka bar su tukuna. Ga yadda za a haɗa wanda zai yi aiki.

Nemi maganaɗisun niyodimiyom, ƙananan nan masu ƙyalli kamar azurfa, masu siffar kwabo. Masu faɗin milimita 12 sun yi daidai. Ka jera su ɗaya kan ɗaya, su da kansu za su manne ta fuskar da ta dace, har tsawonsu ya kai milimita 24 ko 25. A tsakiyar irin wannan jeri ƙarfin filin ya kai wajen tesla ɗaya, ninkin tsohuwar sanda sau goma. Tiyon da masu wayarin ke binnewa a bango, mai milimita 16, cikinsa ya ishi jerin ya zame ba tare da ya yi ta lilo ba. Sabuwar sirinji ta mililita 10 ma ta yi. Yanke tiyon santimita 15. Yanko faifai biyu na kwali mai kauri, ka huda tsakiyarsu, ka zura su a tiyon ka manne su da gam, tsakaninsu santimita biyu kacal. A wannan ɗan tsakanin za ka naɗa zagaye 1000 na wayar jan ƙarfe mai fenti, irin wadda masu naɗin fanka da famfon ruwa ke aiki da ita, mai kaurin milimita 0.2. Kowane layi yana ɗaukar zagaye kusan 85, layi goma sha biyu ke nan, kaurin naɗin duka bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Wayar za ta ci mita 60 ko ɗan fiye, nauyinta bai kai giram 20 ba. Bar santimita 20 a farko kafin ka fara naɗi, ka manne ta da salatif. Duk zagaye ɗari ka ja layi a takarda, duk ɗari uku ka zagaya salatif sau ɗaya don kada naɗin ya warware. Gefe ɗaya za ka yi ta zagayawa daga farko har ƙarshe. In ka juya hannu a tsakiya, zagayen baya suna soke na gaba ɗaya bayan ɗaya.

Da ka gama, kankare fentin bakunan biyu da reza ko takardar yashi har jan ƙarfen ya fito fes ta kowane gefe, sannan ka auna turjiya. Waya mai milimita 0.2 tana da om 0.55 a kowace mita, don haka ya kamata ka ga om 30 zuwa 36. In mitar ta nuna babu hanya, ko dai wayar ta tsinke a ciki ko fentin bai fita ba, kuma fentin nan shi ne ya fi kashe irin wannan gwaji, domin launinsa ɗaya da jan ƙarfe, mutum ya zaci wayar tsirara take. In ta nuna om biyu ko uku, fenti ya goge a wani wuri, layuka sun taɓa juna. In kuma ta haura om 50 alhali ka tabbata da kauri da tsawo, kankare wayar sosai ka duba: idan cikinta fari ne, alminiyo ce aka shafa wa jan ƙarfe. Za ta yi aiki, amma dalma ba ta kama ta da kyau kuma tana saurin karyewa.

Sa jerin maganaɗisun a cikin tiyo, toshe bakunan biyu da guntun soson katifa sannan ka rufe da salatif, don niyodimiyom yana fashewa kamar tangaram in ya bugi abu mai tauri. Haɗa LED biyu a bakunan wayar, ja da kore, amma a juye: doguwar ƙafar ɗaya tare da gajerar ƙafar ɗayan. Girgiza tiyon. Lissafinsa: weba 0.0001 sau 1000, a raba da kusan 0.03 na daƙiƙa da maganaɗisun ke ɗauka ya shiga, ya ba da bolt uku da ɗan ɗori. Za ka ga ja da kore suna ƙyaftawa bi da bi. Rufe tagogi in rana ta yi yawa.

Dalilin bi da bin nan ya cancanci ka tsaya a kansa da ɗalibai, domin a nan ne ake rarrabe wanda ya haddace doka da wanda ya fahimce ta. Yayin da kan gaba na maganaɗisu ke shiga, layukan da ke ratsa bobin suna ƙaruwa, wuta ta tafi gefe ɗaya, ja ya kama. Yayin da tsakiyar maganaɗisun ta daidaita da tsakiyar bobin, fuluks ya kai ƙololuwarsa, amma a wannan ɗan lokacin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, don haka bolt sifiri ne. Tambayi aji a ina wuta ta fi yawa, kusan kowa zai ce a tsakiya, alhali a nan ne babu ita sam. Da maganaɗisun ya wuce tsakiya ya fara fita, layukan suna raguwa, wuta ta juya, kore ya kama. In ka tsayar da tiyon ka saki maganaɗisun daga sama, bugu na biyu ya fi na farko ƙarfi kuma ya fi shi gajarta a lokaci, saboda abin da ke faɗowa yana ƙara sauri. Daga tsayin santimita 20 yana isowa da gudun mita biyu a daƙiƙa. Jimillar bugun biyu kuwa daidai take, domin layukan da suka shiga su ne suka fita.

Daga nan za ka gane me ya sa na ce santimita biyu kacal. In bobin ya fi maganaɗisu tsawo sosai, da zarar maganaɗisun ya shige ciki gaba ɗaya, zagayen da ke gabansa suna samun ƙarin layuka, na bayansa suna rasawa, su biyun su soke juna. Haka nan in bobin ya yi faɗi da yawa, kamar a naɗa a jikin gwangwanin madara a zura siririyar sanda: layukan da ke komawa ta waje su ma suna ratsa zoben ta ɗaya gefen, su rage waɗanda suka bi ta cikin sandar. Wayar ta matso jikin maganaɗisu iyakar iyawa. Tiyon kuma ya zama na roba ko kwali. Na baƙin ƙarfe zai kama maganaɗisun ya hana shi motsi, na alminiyo ko jan ƙarfe zai taka masa birki, dalilin yana zuwa.

Ba kowane maganaɗisu ne ya dace da zurawa ba. Na cikin tsohon faifan ajiya na kwamfuta yana da ƙarfi ƙwarai, amma arewa da kudu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a fuska ɗaya, in aka zura shi cikin bobin suna soke juna. Baƙin zoben da ke bayan lasifika kawunansa a shimfiɗaɗɗun fuskokinsa biyu suke, kuma ya yi girma da shiga tiyo. Waɗannan biyun wata hanya ake bi da su: a naɗa wayar a jikin ƙusa mai kauri ko noti mai milimita 10, a manna maganaɗisun a kan ƙarfen, a fizge shi da sauri. Ƙarfen yana tattara layukan ya bi da su ta cikin naɗin. Wanda ba shi da lokacin naɗi ya nemi ƙaramin rile na bolt 12 a wurin masu gyaran rediyo. A cikinsa akwai dubban zagaye na siririyar waya a kan ƙarfe, an riga an naɗa. Ka haɗa LED a ƙafafun bobin ɗinsa, ka manna niyodimiyom ka fizge.

Game da sandarka ta makaranta, mai yiwuwa ta yi rauni, don faɗuwa ƙasa da ajiya barkatai ba tare da guntun ƙarfen da ke haɗa kawunan ba suna rage mata ƙarfi. Duk da haka ta isa gwajin allura. Niyodimiyom kuma zafi ne abokin gabarsa: irin na gama-gari yana fara rasa ƙarfi in ya wuce digiri 80, kuma ba ya dawowa. Kada a kai kan gogar dalma kusa da shi, kada a bar shi a kan kwano ko gaban gilashin mota a ranar bazara. Yana matse fatar yatsa har jini ya taru, kuma in yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanji ta ciki, abin da ke kai wa ga tiyata. Ka ƙirga su kafin darasi da bayansa. Bobin ɗin nan kuma kada wani ɗalibi ya kuskura ya kai shi soket.

Saura gefen da wutar ke bi. Heinrich Lenz ya bayyana shi a 1834 a Rasha: kuran da aka haifar yana bin gefen da zai yi hamayya da sauyin da ya haife shi. Kan arewa na matsowa, fuskar bobin ta zama arewa ta tura shi. Yana ja da baya, ta zama kudu ta riƙe shi. Ana iya ganin wannan ba tare da mita ba. Yanko zobe mai faɗin santimita ɗaya daga gwangwanin lemo na alminiyo, ka rataye shi da zare biyu. Alminiyo ba ya manne wa maganaɗisu, fara nuna musu wannan. Tura jerin niyodimiyom cikin zoben da sauri, zoben ya gudu gaba. Ja shi, zoben ya biyo. Sannan ka datse zoben da almakashi ka sake gwadawa: hanya ta yanke, kuran ba ya zagayawa, zoben ya daina bin sa. Murfin tukunyar alminiyo mai kauri, irin wadda maƙera ke zubawa, shi ma ya isa: karkata shi ka saki maganaɗisun a kai, zai sauko a hankali kamar yana tafiya cikin zuma, kwabo kuwa ya zame fit. Mai tiyon jan ƙarfe na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ya saki maganaɗisun a ciki, ɗalibai su leƙa ta sama su ga yana saukowa sannu a hankali ba tare da wani abu ya riƙe shi ba.

Wannan hamayyar ita ce kuɗin da ake biya. Wutar da ta kunna LED daga damtsen mai girgizawa ta fito. Shi ya sa feda ke yin nauyi in an jingina dinamo da tayar keke, ɗan dinamon da ke ba da bolt 6 da wat 3. Shi ya sa kuma gurup, wato janareta, ke sauya murya ya ƙara shan mai da zarar mai walda ya taɓa ƙarfe. Ƙaramin gurup yana juyawa sau 3000 a minti don wuta ta yi kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma abin da ke faruwa a cikinsa shi ne na tiyonka, sai dai an maida zurawa da zarowa juyi don kada motsin ya tsaya. Faifan sola ba ya cikin wannan dangi, aikinsa daban ne. Ɗalibai za su kawo maka bidiyon da ake nuna fanka da maganaɗisu suna kunna kwan fitila ba batir ba mai. Ka ba su zoben gwangwanin su gwada da hannunsu, sannan ka tambaye su wa ke biyan kuɗin hamayyar a cikin bidiyon.

Za su kuma tambaya ko tiyon zai yi cajin waya. Ana iya miƙar da wutar da diyod huɗu a tara ta a kondansato mai mikrofarad 1000. In za a yi haka, a sa diyod 1N5819, domin 1N4007 da aka fi samu kowanne yana cin bolt 0.7, biyu a hanya sun cinye 1.4 daga cikin ukun da ake da su. Da wannan LED zai tsaya da haske maimakon ƙyaftawa. Caji kuwa, kowace wucewar maganaɗisu ba ta ba da fiye da kashi kaɗan cikin dubu na jul ɗaya ba, jul kuwa shi ne ma'aunin makamashi, batirin waya mai mili'ampa-awa 4000 kuma yana ɗauke da jul wajen 55,000. Sai an girgiza sau miliyoyi. Ka bar su su yi wannan rabawar da kansu a allo.

Ranar darasi, fara da bobin mai zagaye 50 da mita, maganaɗisu a tsaye cik a ciki, su ga sifiri. Motsa shi. Sannan ka riƙe maganaɗisun ka motsa bobin ɗin, su ga sakamako ɗaya ne. Juya kan sandar, alamar ta juya. In ka fitar da ƴar madaukar waya a zagaye na 250 da na 500 tun lokacin naɗin babban bobin, ka kankare fentinta, za ka iya auna 250 da 500 da 1000 da maganaɗisu ɗaya, kana sakinsa daga tsayi ɗaya kowane karo don saurin ya zama iri ɗaya, su rubuta yadda zaburar allurar ke ƙaruwa. LED biyun ka ajiye su sai ƙarshe, bayan kowa ya rubuta a littafinsa wane launi yake tsammanin zai fara kamawa in an juya kan maganaɗisun.